Ina ruwan Zariya da yaƙin teku? Daga Pearl Harbor zuwa Baga

Barikin sojan da ke Sabon Garin Zariya, inda Daffo take horar da kuratan sojan ƙasa, sunansa Chindit. Dubban mutane ke wucewa ta gefensa kullum, daga mai Keke Napep da ya ɗauko fasinja a PZ zuwa ɗalibin da ke hanyar komawa Samaru, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa su tambayi inda aka samo kalmar. Daga Bama ta zo, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Suna ne na wata runduna ta musamman da Birtaniya ta kafa a Yaƙin Duniya na Biyu ƙarƙashin Orde Wingate, wadda a 1944 aka sauke ta da jiragen sama a bayan dagar sojan Japan. Bataliya uku na sojan Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suna cikin wannan runduna.

Me ya kai ɗan Zazzau dajin Bama? Amsar tana cikin kwana huɗu na watan Disambar 1941, kuma a kan ruwa aka rubuta ta.

Da safiyar Lahadi, 7 ga Disamba, jiragen sama 353 da suka tashi daga kan manyan jiragen ruwa shida na Japan suka afka wa sansanin sojan ruwan Amurka da ke Pearl Harbor a tsibirin Hawai. Cikin ƙasa da sa'a biyu aka kashe Amurkawa 2,403, aka lalata jiragen sama 188, aka nutsar ko aka illata manyan jiragen yaƙi takwas. A daidai waɗannan sa'o'i wasu dakarun Japan suna sauka a gaɓar Malaya. Ranar 10 ga wata jiragen saman Japan suka nutsar da Prince of Wales da Repulse, jiragen yaƙi biyu da Birtaniya ta aika don su tsare mata Singafo, kimanin mutum 840 suka tafi da su. Ranar 15 ga Fabrairun 1942 Singafo ta miƙa wuya, sannan Bama ta bi baya.

Zariya tana nesa da gaɓar teku mafi kusa da fiye da kilomita 600. Duk da haka sai da wutar ta iso ta, ta hanya biyu. Ta farko ita ce ɗaukar soja: Birtaniya ta rasa dakaru a gabashin duniya, ta waiwayo Afirka ta Yamma, aka haɗa runduna ta 81 da ta 82, aka kwashi samari a jirgin ƙasa zuwa Legas, daga nan jirgin ruwa ya zagaya da su ta kudancin Afirka zuwa Indiya. Hausa ce harshen bariki a lokacin, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ita ke kai wa iyayensu labarin yaƙin. Sunayen barikoki irin su Kalapanzin a Kaduna da Myohaung da Arakan a Legas duk tsarabar wannan tafiya ce.

Hanya ta biyu ba a cika tuna ta ba, domin ba wanda ya sa wa bariki sunanta. Malaya ce babbar mai samar wa Birtaniya kuza. Da ta faɗa hannun Japan, sai ido ya koma kan ramukan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta ƙaƙaba aikin tilas, wanda talakawa suka raɗa wa suna ɗiban gwamna: ana ɗebo manoma daga lardunan Arewa, har da lardin Zazzau, a tura su haƙar kuza cikin sanyin tsauni, ga ƙarancin abinci, ga makwanci marar kyau. Da yawa ba su komo ba. Sabon Gari kuwa, wanda ya girma a jikin tashar jirgin ƙasa, a lokacin shi ne mahaɗar ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, layin da aka shimfiɗa tun 1914 saboda wannan kuzar. Manomin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce Galma da Kubanni ba ya biya kuɗin jirgin da aka nutsar a tekun da bai san sunansa ba.

Wannan ya isa dalilin da zai sa matashin Samaru ya saurara idan ana zancen yaƙin teku. Amma akwai abin da ya fi haka kusa da gida. Duk harin bazatan da ya yi nasara a kan sojan ruwa, daga Hawai har Tafkin Chadi, ya samu ƙofa ne ta wuri guda: waɗanda aka kai wa harin sun riga sun yanke wa kansu hukuncin cewa inda suke ba ya isuwa.

Ruwan da aka ce bai kai zurfi ba

Hafsoshin Amurka ba jahilai ba ne, kuma ba barci suke yi a kan aikinsu ba. Lissafi suka yi. Zurfin ruwan Pearl Harbor bai wuce kimanin mita 12 ba, alhali tofido, wato makamin da jirgin sama ke jefawa ya yi tafiya a ƙarƙashin ruwa ya fasa cikin jirgi, a wancan zamani yakan nutse ƙasa sosai kafin ya daidaita. Saboda haka aka ɗauka cewa duk wanda aka jefa a tashar zai kafe a laka, ba a kuma ga buƙatar shinge jiragen da ragar ƙarfe ba. Japan kuma tana can nesa da dubban kilomita.

Abin takaicin shi ne an riga an nuna musu cewa lissafin ya tsufa. A daren 11 ga Nuwamban 1940, tsofaffin jiragen sama 21 kacal na Birtaniya, waɗanda suka tashi daga kan jirgin ruwan Illustrious, suka shiga tashar Taranto ta Italiya suka gurgunta manyan jiragen yaƙi uku a cikin ruwa marar zurfi sosai. Jami'an Japan sun je sun nazarci abin da ya faru, kuma injiniyoyinsu sun ɗaura wa tofidonsu fikafikan katako don kada ya nutse ƙasa. A Amurka ma sakataren sojan ruwa, Frank Knox, ya rubuta wasiƙa a Janairun 1941 yana gargaɗin cewa ana iya buɗe yaƙi da irin wannan hari a kan Pearl Harbor. Kai, tun a Fabrairun 1932, a wani atisaye, Admiral Harry Yarnell ya kai wa tashar harin gwaji da jiragen sama da sanyin safiyar Lahadi, ya kuma shammaci masu tsaronta. Manya suka ce wasan atisaye daban, yaƙi daban.

Ranar 27 ga Nuwamban 1941 saƙon gargaɗin yaƙi ya iso Hawai daga Washington. Kwamandan sojan ƙasa na tsibirin, Janar Walter Short, ya fassara shi da cewa haɗarin daga maƙiyan cikin gida ne, masu zagon ƙasa. Sai ya sa aka tattara jiragen sama wuri guda, fiffike na taɓa fiffike, don gadinsu ya yi sauƙi. Ya shirya, amma wa abokin gaban da bai zo ba. Wanda ya zo ya tarar an jera masa su kamar tumatir a faifai.

A safiyar ranar kanta an samu dama biyu. Fiye da sa'a guda kafin bam na farko, jirgin sintiri mai suna Ward ya harbe wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan a bakin tashar, ya kuma aika rahoto. Rahoton ya tsaya a hannun masu neman a sake tabbatarwa. Da ƙarfe 7:02 wasu ƙananan sojoji biyu a tashar rada ta Opana suka ga gungun jirage mafi girma da suka taɓa gani a na'urarsu. Suka buga waya. Hafsan da ke bakin aiki, wanda bai daɗe da soma zama a wannan kujera ba, ya ɗauka jiragen Amurka ne da ake sa ran isowarsu daga Kalifoniya, ya ce su kwantar da hankalinsu.

A 1962 wata masaniya Ba'amurkiya, Roberta Wohlstetter, ta wallafa littafi a kan wannan lamari, kuma abin da ta gano har yau shi ake koyarwa a makarantun hafsoshi: alamun harin suna nan tun kafin ya auku, sai dai sun nutse a cikin hayaniyar wasu alamu masu yawa da ke nuni ga wasu wurare, kuma kowane ofis yana riƙe da guntun labari bai haɗa da na maƙwabcinsa ba. Wanda ya bi labarin Najeriya a 2022 ba zai ji wannan baƙon zance ba. Bayan an fasa gidan yarin Kuje ranar 5 ga Yuli, mataimakin kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Ahmed Idris Wase, ya faɗa a zauren majalisa cewa hukumar DSS ta ba da rahotanni 44 kafin harin. Haka kuma kafin a tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, an riga an dasa wa layin nakiya a Oktoban 2021, kuma ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya fito ya ce ya nemi a sayi na'urorin sa ido ba a amince ba. Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen: rahoto 44 shi kansa matsala ne. Jami'in da ake ce wa gobe za a kawo hari sau arba'in da uku, goben ta zo ba a kawo ba, kunnensa yakan toshe a na arba'in da huɗu.

Da Najeriya ta shammaci wasu, da kuma da aka shammace ta

Sojan ruwan Najeriya ya taɓa zama mai kai harin bazata, kuma ya yi nasarar da ta sauya alƙiblar yaƙin basasa. A ƙarshen Yulin 1967, makonni uku da soma yaƙin, ƙananan jiragen rundunar, da NNS Nigeria a gaba, suka ɗauki dakarun Benjamin Adekunle daga Legas suka sauke su a tsibirin Bonny. Hankalin Biyafara yana arewa, wajen Nsukka da Ogoja, inda ake gwabzawa a ƙasa. Bonny ita ce tashar fitar da ɗanyen mai, ita ce kuma ƙofar shiga Fatakwal daga teku. A Oktoba aka sake irin wannan sauka a Kalaba. Daga nan ƙawanyar teku ta tsananta, kuma ba a iya ba da labarin wannan nasara ba tare da ambaton yunwar da ta biyo bayanta ba, wadda ta ci rayukan fararen hula masu ɗimbin yawa, akasarinsu yara.

Biyafara ta rama da tata bazatar ranar 9 ga Agusta, lokacin da dakarun Victor Banjo suka haye gadar Neja daga Anaca zuwa Asaba da dare, suka kama Binin a rana guda, daga baya suka kai har Ore a kan hanyar Legas. Gwamnatin Yakubu Gowon, ɗan Wusasa, ta ɗauka cewa jihar Yamma ta Tsakiya ba fagen yaƙi ba ce. Amma Banjo ya tsaya a Binin ana jayayyar wanda zai zama gwamna, kwanakin da ya ɓata suka ba Legas damar haɗa sabuwar runduna ta 2 ƙarƙashin Murtala Muhammed. Haka ta faru ga Japan: ba ta taɓa rumbunan mai da wuraren gyaran jiragen Pearl Harbor ba, ba ta kuma tarar da jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama a tashar ba. Wata shida bayan haka, a Midway, ta rasa huɗu daga cikin jirage shidan da suka kai harin.

Abin da ya faru da Murtala a bakin Neja shi ne darasin da aka juya. A Oktoban 1967, bayan dakarunsa sun kai Asaba, garin da sojan tarayya suka kashe ɗaruruwan fararen hula a cikin wannan wata, ya tarar an karya gada. Hedikwata ta so ya hau arewa ya haye ta Idah inda ba a tsare ba. Ya zaɓi ya haye kai tsaye zuwa Anaca a cikin jiragen fito, a gaban idon mutanen da suka san yana zuwa, suka san kuma ta inda zai zo. Sau uku ana gwadawa, sau uku ana asarar sojoji da kayan yaƙi a cikin kogi. Sai a Maris ɗin 1968 Anaca ta faɗi, bayan an bi ta Idah ɗin da aka ƙi tun farko. Soja a cikin jirgin fito ba shi da ramin ɓuya. Idan babu shammata, ruwa na mai jira a gaɓa ne.

Shekara arba'in bayan haka aka koya wa Najeriya darasin Pearl Harbor a cikin ruwanta. Rijiyar mai ta Bonga, wadda kamfanin Shell ke gudanarwa, tana da nisan kimanin kilomita 120 daga gaɓa. Kamfanoni sun zuba jari a irin waɗannan rijiyoyi ne bisa imanin cewa 'yan bindigar Neja Delta mutanen fadama ne, kwale-kwalensu ba zai iya da tsakiyar teku ba. Ranar 19 ga Yunin 2008 mayaƙan MEND suka isa Bonga a ƙananan jirage masu gudu, aka dakatar da haƙar kimanin ganga 200,000 a rana. A Yulin 2009 suka kai hari ma'ajiyar mai ta Atlas Cove a bakin tashar Legas, ɗaruruwan kilomita daga maɓoyarsu, suka kashe jami'an sojan ruwa da ke gadi.

Tafkin da ya zama fagen sojan ruwa

A 2021, da rundunar sojan ruwa ta sanar da buɗe sansani a Kano tare da na Lekki da Oguta, shafukan sada zumunta sun cika da ba'a: a wane teku jiragen za su yi iyo, Tiga ko Bagauda? An kuma lura cewa babban hafsan rundunar na lokacin, Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano ne. Abin da aka kafa a Dawakin Tofa kwaleji ce ta koyar da harkar samar da kayan aiki, wadda ba ta buƙatar teku, ko da yake tambayar ko siyasa ta shiga zaɓen wurin tambaya ce halattacciya. Sai dai ba'ar ta rufe wani abu mai nauyi. Arewa tana da fagen yaƙin ruwa na gaske, kuma a lokacin da ake dariyar an riga an sha kashi a cikinsa.

Ranar 26 ga Disamban 2018 mayaƙan ISWAP suka afka wa Baga, suka ƙwace sansanin rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Tafkin Chadi, suka kuma kori sojan ruwa daga nasu sansanin. Fiye da mutum 30,000 suka gudu zuwa Maiduguri. Ba karo na farko ba ne, domin a Janairun 2015 an ci wannan gari da wannan sansani, an yi kisan da duniya ta ji. Makonni biyar kacal kafin harin 2018 an tarwatsa bataliya ta 157 a Metele, ba nisa da nan. Ba wanda zai ce ba a ga hadari yana haɗuwa ba.

A ɓangaren Chadi abin ya fi muni. Da asubahin 23 ga Maris, 2020, mayaƙan Boko Haram suka iso Bohoma a cikin kwale-kwale masu inji, suka shafe sa'o'i suna yaƙi, suka kashe sojoji kusan 100 na rundunar da ake ɗauka ta fi kowace ƙarfi a yankin. Sansanin yana kan ƙasar da ruwa ya kusan zagaye, abin da ya kamata ya zama katanga sai ya zama hanya ga maharan, ya kuma hana ɗauki isowa da wuri. A Oktoban 2024 aka maimaita a Barkaram, sojojin Chadi kimanin 40 suka mutu.

Tafkin Chadi ba ya karɓar babban jirgi. Ruwa ne marar zurfi, cike da tsibirai da ciyayi masu toshe hanya, gaɓarsa tana matsawa daga damina zuwa rani. Wanda ya san hanyoyinsa shi ne masunci da mai fito. A nan ne kuma siyasar tsaro ta sha cin karo da kanta: hukumomi sun sha hana kamun kifi da safararsa don toshe wa 'yan ta'adda kuɗin shiga, abin da yake da hujjarsa, tunda ISWAP tana karɓar haraji a hannun masunta. Amma mutumin da aka hana sana'arsa, ko aka ƙona masa kifinsa a shingen bincike, shi ne wanda ake fatan zai buga waya idan ya ga kwale-kwale ashirin sun taru a bayan wani tsibiri. A Opana rada ta gani, hafsa bai yarda ba. A Baga radar mutum ce, kuma tana da ciki da iyali.

Ko a tudu ma wannan imani na cewa wuri ba ya isuwa ya ci sojan ruwa. A harin da aka kai Kwalejin Horar da Hafsoshi ta NDA a Kaduna ranar 24 ga Agustan 2021, ɗaya daga cikin hafsoshi biyun da aka kashe na rundunar sojan ruwa ne. Wata biyu da rabi kafin nan an kwashi ɗalibai da malamai a Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya, a Maris kuma an sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka, maƙwabciyar NDA ɗin.

Arha ta kori tsada

Abin da ya sauya tun zamanin Pearl Harbor shi ne farashi. Japan ta buƙaci manyan jirage shida da shekaru na horo. A Oktoban 1967 ƙananan jiragen Masar masu makami mai linzami suka nutsar da jirgin yaƙin Isra'ila mai suna Eilat daga bakin tashar Port Said. A Oktoban 2000 mutum biyu a cikin kwale-kwale ɗauke da nakiya suka fasa jirgin Amurka mai suna Cole a tashar Aden, suka kashe sojoji 17. Ranar 14 ga Afrilun 2022 Moskva, jagoran jiragen Rasha a Bahar Aswad, ya nutse bayan Yukren ta ce ta harbe shi da makamai masu linzami biyu. Daga Oktoban wannan shekara ta soma aika kwale-kwale marasa matuƙa cikin tashar Sevastopol, har Rasha ta kwashe jiragenta da dama zuwa Novorossiysk. Ƙasar da kusan ba ta da rundunar ruwa ta kori mai ita daga gida. A Bahar Maliya kuwa, tun da 'yan Husi na Yaman suka kama jirgin Galaxy Leader a Nuwamban 2023, Amurka ta riƙa harba makamin miliyoyin daloli don kakkaɓo jirgi marar matuƙi na 'yan dubbai.

Kasuwar Sabon Gari da gonakin da ke kewaye da Samaru sun ji waɗannan a jikinsu, ko da yake bai kamata a zuzuta ba. Yaƙin Bahar Aswad ya ɗaga farashin alkama a duniya, Najeriya kuwa daga waje take sayo mafi yawan wadda ake burodi da taliya da ita. A 2022 sinadarin fotash da ake haɗa takin zamani da shi ya kasa isowa daga Rasha, sai da aka nemo na gaggawa daga Kanada. Irin masarar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitarwa, komai ingancinsa, ba ya ba da abin da aka yi alkawari idan babu taki. Rikicin Bahar Maliya kuwa tasirinsa a kaikaice ne: kayan Sin da ke zuwa Legas da ma ta kudancin Afirka suke bi, amma da jiragen Turai suka koma wannan doguwar hanya, jirage da kwantenoni suka yi ƙaranci, kuɗin dako ya tashi a ko'ina. Faɗuwar darajar naira ta fi duk waɗannan cin aljihun ɗan kasuwa, sai dai ita ma tana da igiya a ruwa, tunda a Agustan 2022 satar mai ta sa abin da ƙasar ke haƙowa ya sauko ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana.

A tekun kudu an yi abin a yaba. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duk duniya, 130 a Mashigin Tekun Gini aka sace su. Bayan dokar yaƙi da fashin teku ta 2019, da shirin Deep Blue na dala miliyan 195 da na'urorin sa ido na Falcon Eye da aka ƙaddamar a 2021, alƙaluman sun faɗi ƙwarai, har a 2022 aka cire Najeriya daga jerin wuraren da fashin ya fi ƙamari. Amma a Oktoban wannan shekara shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya shaida wa majalisa cewa an gano bututun sata mai tsawon kilomita huɗu daga Forcados zuwa teku, wanda ya ce ya shekara tara yana aiki. An gano shi ne bayan an ba kamfanin Tantita, na tsohon kwamandan 'yan bindiga Tompolo, kwangilar gadin bututu. Na'ura tana ganin jirgin da ke tsakiyar teku. Abin da ke faruwa a cikin fadama mutanen fadama ne suka sani, wataƙila kuma da waɗanda aka biya don kada su gani.

Nan ne ya kamata muhawarar kasafin kuɗi ta tsaya. Babban jirgi yana da amfaninsa wajen sintirin gaɓar da ta kai kimanin kilomita 850, yana kuma da kyau a hoto ranar bikin ƙaddamarwa. NNS Aradu, wanda aka karɓo daga Jamus a 1982 a matsayin alfaharin rundunar, ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure yana jiran gyara. Kwale-kwale marar nauyi da zai ratsa ciyayin Tafkin Chadi, da makanikin da zai gyara injinsa a Baga ba sai an kai Legas ba, da na'urar gani da dare, da jirgin ɗaukin da zai iso cikin rabin sa'a, ba su da farin jinin yanke ƙyalle. Tunda ba rundunar da za ta iya zama a faɗake ko'ina a kowane lokaci, abin da ke raba rashin sa'a da bala'i shi ne abin da ya rage a hannu bayan sa'ar farko ta hari.

Akwai kuma bambanci a yadda ake tunawa. Tsakanin 1941 da 1946 Amurka ta gudanar da bincike har tara a kan Pearl Harbor, na ƙarshensu na majalisar dokoki ne, aka buga shaidun a bainar jama'a. Daga cikin waɗannan takardu Wohlstetter ta yi aikinta. Najeriya tana tuna mazan jiya ranar 15 ga Janairu da ajiye furanni da sakin tantabaru. Ko adadin waɗanda suka mutu a Metele ba a daidaita a kai ba: rundunar soji ta ce 23, kafafen labarai suka ce sun ninka haka. Kwalejin hafsoshi ta Jaji, wadda ke kan hanyar Zariya zuwa Kaduna kuma take horar da na ruwa tare da na ƙasa da na sama, tana iya nazarin waɗannan a bayan ƙofa. Ɗalibin tarihi ko na kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello, da ɗan majalisar da zai sa hannu a kasafin tsaro, sun fi samun sauƙin karanta abin da ya faru a Opana minti bayan minti fiye da abin da ya faru a Baga.

A halin yanzu kuma ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin tsohon lissafin. A Disamban 2024 aka ba da rahoton ISWAP ta yi amfani da jirage marasa matuƙa masu ɗauke da bama-bamai a kan sansanin soja na Wajiroko a Borno. Bayan Barkaram, shugaban Chadi Mahamat Déby ya yi barazanar janye ƙasarsa daga rundunar haɗin gwiwa, a Maris ɗin 2025 kuma Nijar ta sanar da ficewarta. Tafki ɗaya ne, gaɓa huɗu, kuma kwale-kwalen da ya tashi daga ɓangaren Diffa ba ya tsayawa a nuna fasfo kafin ya shigo ruwan Kukawa. Masuncin da ya gan shi yana wucewa yana da waya a aljihu. Ya kuma san cewa gobe zai koma tsibirin da masu kwale-kwalen ke karɓar haraji, sojan da zai kira kuwa yana iya samun canjin wurin aiki kafin wata ya mutu.